Gamba: Ciyawar Da Ta Tashi Daga Zazzau Ta Tsallake Teku

Yau ina so ne mu ɗan waiwayi tarihin wata ciyawa wadda da yawanmu mun taso muna ganinta, amma ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato gamba.

Duk wanda ya san birnin Zariya kafin zuwan bulo da kwanon rufi, ya san cewa ba kowane gida ne ke da katangar ƙasa ba. Soraye irin na Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, sai sarakuna da attajirai. Talaka kuwa da zana yake suturta iyalinsa, zanar nan kuma da gamba ake saƙa ta. Da kaka ta yi sai a fita bayan ganuwa a yanko ta, a shigo da ita dami-dami ta ƙofofin gari. Haka nan a zaurukan karatu na Unguwar Juma da Kona, da karan gamba almajirai kan feƙe alƙalamin da suke rubutu a allo. A ganina, wannan kaɗai ya isa a ce ta cancanci shiga littafin tarihi.

Sirrinta yana ƙarƙashin ƙasa. Tana da saiwoyi masu bazuwa kusa da sama, waɗanda ke tsotse ko da yayyafi ne, ga kuma wasu masu nutsawa can ƙasa neman laima. Shi ya sa takan jure rani na wata da watanni, gobarar daji ta cinye ta ƙurmus, amma da ruwan fari ya sauka sai ta tofo daga tushenta, tun sauran ciyayi ba su farka ba. Tsawonta kan kai mita 4. Makiyaya sun daɗe da sanin haka.

Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus. Kada mai karatu ya zaci daga Ƙofar Gayan sunan ya samo asali, dacewa ce kawai. Amma sunan da Turawa ke kiranta da shi yau da kullum, gamba, namu ne suka ara.

A shekarar 1973 aka ɗauki irinta daga tashar binciken dabbobi ta Shika, nan kusa da Zariya, aka kai cibiyar CIAT da ke ƙasar Kolombiya. Bayan gwaji, a 1980 aka fitar da ita ga masu kiwon shanu, Kolombiya da sunan Carimagua 1, Brazil kuma da sunan Planaltina, domin tana yi a ƙasar da wasu ciyayin suka kasa.

A Ostireliya labarin ya sha bamban. Sun shigar da ita tun shekarun 1930 don kiwo, sai ta kuɓuce daga gonaki ta mamaye dazukan arewacin ƙasar. Can babu mai yanka ta don zana, babu mai feƙe alƙalami, don haka sai ta taru ta bushe, idan wuta ta kama ta har manyan itatuwa take kashewa. A 2012 gwamnatinsu ta sanya ta cikin jerin mugayen ciyayin ƙasa, ana kashe maƙudan kuɗi wajen yaƙarta.

Mu kuwa a nan gida, filayen da ake yanko ta a bayan Ƙofar Doka da Tukur-Tukur tuni sun zama unguwanni, mai saƙar zana sai ya nausa ƙauye kafin ya haɗa dami guda.