Ranar da Goge ya Hau Kujerar Gogen Turawa a Accra

A 1965 Jacqueline du Pré, tana da shekara 20, ta shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan tare da makaɗan London Symphony Orchestra, ta goga kiɗan da Edward Elgar ya tsara wa celo a 1919. Har yau ana sayen faifan. Celo babban gogen Turawa ne mai tsirkiya huɗu, ana zaune ake riƙe shi tsakanin gwiwoyi. Abin gogawarsa kuwa izgar doki ce da ake shafa wa ƙaro, daidai da abin da mai goge yake yi a unguwar Nima ta Accra kafin ya ɗora baka a kan tsirkiyarsa guda, wadda aka ɗaure bisa ƙoƙon da aka rufe da fatar guza.

Ghana ta samu ƙungiyar makaɗa irin ta Landan ɗin tun 1959, zamanin Kwame Nkrumah, a hannun Philip Gbeho, wanda ya tsara taken ƙasar. Kayan kiɗan na Turai ne. Da Nana Danso Abiam ya karɓi ragamarta a shekarun 1980, sai ya nemi a sa kayan gida. Ba a jitu ba. Ya bar ta, ya kafa Pan African Orchestra a 1988, ya jera masu goge a gurbin masu gogen Turawa, ga sarewar gora ta atenteben, ga ganguna. Kamfanin Real World na Peter Gabriel ya fitar da faifansu, Opus 1, a 1995.

Aikin ba wasa ba ne. Kowane mai goge da yadda yake ɗaure tsirkiyarsa don ta bi muryarsa, kuma ya saba shi ne sarkin fage, kamar yadda Garba Liyo da Audu Yaron Goge suka kasance a Najeriya. Tara irin waɗannan mutane su bi sauti ɗaya sai mai haƙuri.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne matsayin gogen a Zango. A masarautar Dagbon ta arewacin Ghana, kiɗan fada ne, masu shi na wasa sarki da shi. A Nima da Maamobi kuwa, inda maganar malamai ke da nauyi, an fi jingina shi da bori da gidajen mata masu zaman kansu, har uba kan hana ɗa taɓa shi. Wanda ya ga darajarsa ya kai shi gaban duniya, wato Abiam, ba ɗan Zango ba ne. Abiam ya rasu a haɗarin mota a Disamba 2014.