Daga Mangala Zuwa Injin Rairaya

Tun kafin wata hukuma ta ware wa sarrafa shara ko sisi, jakai ne ke wannan aiki a Kano. Da rani sukan shigo birni da itacen girki, su fita da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, a jibge a gonakin Ungogo da Kumbotso kafin ruwan shuka. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen birnin a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan taki na cikin abin da ya sa ake noma gonakin duk shekara ba a hutar da su. Daga baya tifa ta karɓi aikin jaki, manomi ya riƙa biyan direba ya juye masa shara a gona.

Abu biyu suka taɓa wannan ciniki. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 ya zo da takin zamani mai rangwame, har ɗaukar juji ya fara zama wahalar banza. Sai kuma leda, musamman ta fiya wata da ta cika gari a shekarun 1990. Sharar da a da ƙasa ke cinyewa ta koma mai shaƙe gona da kashe tumaki. Daga nan dole a tsince kafin a zuba, tsincewa kuwa kuɗi ce. A nan sana'armu ta mai da shara taki ta samo asali.

A 1998 aka buɗe masana'antar taki a kasuwar Bodija ta Ibadan, tana haɗa ruɓaɓɓen kayan gwari da kashin shanun mahauta. Irin tsarin da aka yi ta kwaikwayo ke nan: gwamnati ko masu ba da tallafi su gina rumfa, su sayo inji, a yi bikin ƙaddamarwa. Na sha zama wurin tsara kasafin irin waɗannan ayyuka, kuma kullum a waje guda ake tuntuɓe. Kuɗin inji ba ya wuyar samu, domin inji yana fitowa a hoto. Amma man dizal, albashin masu tsintar leda da kwalba, da ruwan yayyafa wa tsibin taki a watan Maris, ba mai son sa hannu a kansu. A wata masana'anta da na yi wa aiki, bel ɗin injin rairaya ne kawai ya tsinke. Kafin takardar neman kuɗinsa ta gama zagaya ofisoshi, damina ta wuce, ciyawa ta tsiro a kan tsibin.

Lissafin kansa ba ya da tausayi. Sai an yi wata biyu zuwa uku ana juya tsibi, cikinsa ya yi zafin da ba ka iya barin hannu, kafin ya nuna. Ya nuna ɗin, abin da ya rage bai kai rabin abin da aka zuba ba. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, namu da ƙyar yake kai 2, ga kuɗin mota iri ɗaya. Manomi kuma sau ɗaya yake saye, gab da damina. A Turai ana biyan masana'anta ladan karɓar shara tun daga bakin ƙofa. Mu nan an ce buhun taki shi kaɗai zai riƙe komai.

Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta ɗan ba mu numfashi. Shara idan ta ruɓe a bola tana fitar da iskar methane, wanda ya mai da ita taki kuwa zai iya sayar da takardar shaidar rage hayaƙi. A kan haka aka gina masana'antar Bulta kusa da Dhaka a 2008, kuma ta EarthCare da ke Ikorodu ta shiga tsarin tare da Bankin Duniya. Sai farashin takardar ya faɗi warwas a 2012, ya koma ƙasa da yuro 1 kan kowane tan.

Abin da ya sake motsa kasuwa shi ne tsadar takin zamani daga 2022. Yanzu masu noman rani a Kura da Kadawa rububin kashin kaji suke yi, ana lodinsa a tirela daga gidajen kaji, kuɗi hannu. Dillalan kashin ba su taɓa rubuta takardar neman tallafi ba, kuma tun kafin a share ɗakin kaji sun riga sun san wanda zai saya.