Kwabon da aka goge da toka

Wata safiya, bayan na gama darasin Faransanci, wani ɗalibina ya tsaya har ajin ya watse, sa'an nan ya kwance wani tsumma ya miƙo mini abin da ke ciki. Ya ce: "Mushe, a duba mini rubutun nan. An ce wa yayana zai sayi mota." Wani jan kuɗi ne na ƙarfe, sai ƙyalli yake yi kamar sabuwar tasa. Daga cikin adudun kakarsu aka fito da shi a nan Tamaske, kuma kafin ya iso hannuna an riga an sha shi da toka da lemun tsami, wai don ya yi kyaun gani ga mai saye.

Rubutun bai ɓace duka ba. A fuska ɗaya akwai kan mutum mai gemu, da sunan Napoléon na Uku da shekarar 1855. A ɗaya fuskar gaggafa ce ta buɗe fikafikai, an rubuta santim goma. An fara buga irinsa a Faransa a 1852. Nauyinsa giram 10 ne, faɗinsa milimita 30, kashi 95 cikin ɗari jan ƙarfe ne, sauran kuza da tutiya. Ƙaramin harafin da ke ƙarƙashin gaggafar shi ke faɗin garin da aka buga shi: A na nufin Paris, K Bordeaux, W Lille. Na yaron nan A ne.

Yadda kuɗin da aka buga shekaru kusan hamsin kafin Nasara ya taka Adar ya zo ya kwanta a adudun tsohuwa, nan ne labarin yake. Kakanninmu da wuri suke ciniki, kalmar "kuɗi" ma jam'in "wuri" ce. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda. Dalar nan mai hoton Maria Theresa ta ƙasar Ostiriya tana koya wa mai tara tsofaffin kuɗi darasinsa na farko: sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalarta fiye da ƙarni guda ba a canza wannan shekara ba. Ke nan shekarar da ke jikin kuɗi ba kullum take faɗin ranar haihuwarsa ba.

Da Turawa suka raba ƙasa, sai kuɗi ma suka rabu. Yarjejeniyar 1898 ta zana wa Ingila da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906 don Faransa ta sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Faransawa suka zo da tammarsu da tsofaffin santim ɗinsu da suka gaji da yawo a aljihunan Turai, suka matsa a biya haraji da su. Daga kudu kuma fatake da ƴan cin rani suna shigowa da anini da kwabo masu huda a tsakiya, waɗanda Ingila ta fara bugawa a 1907. Abin dariya, sunan "kwabo" daga kalmar Ingilishi ta jan ƙarfe ya samo asali, alhali kwabon Afirka ta Yamma fari ne, bai koma na tagulla ba sai a 1952. Har yau bakinmu bai saki waɗannan sunaye ba. Sefa ta zo a Disamban 1945, amma ba wanda ya je kasuwar Tamaske ko ta Madawa ya ce "faran biyar". Dala muke cewa. Wanda ya tsiyace kuma cewa yake ba shi da ko anini, ko da bai taɓa ganin aninin ba.

To, nawa ne kuɗin kwabon yaron? Masu wannan sana'a abu uku suke dubawa: yawan waɗanda aka buga, yawan masu nema, da lafiyar jikin kuɗin. Tsufa shi kaɗai ba ya sa tsada. A Faransa suna da matakai, daga B, wato wanda ya suɗe har sai an ƙura ido, zuwa TB, TTB, SUP, SPL, har FDC, wanda yake kamar yau ya fito daga maƙera. Amurkawa kuwa lamba suke bayarwa daga 1 zuwa 70, bisa ma'aunin da William Sheldon ya fitar a 1949, kuma saboda tsofaffin kwabbansu na jan ƙarfe ya ƙirƙiro shi. Inda ya fi tudu a jikin hoto shi ne ke fara cinyewa, don haka a namu gashin sarki da gashin ƙirjin gaggafa ake duba. Na ɗaliban nawa duk sun shafe. Ga shi an buga irinsa miliyoyi. Wanda ya suɗe haka, yuro ɗaya ko biyu ake sayar da shi a Turai, wato jika guda da ƴan kai. Idan a ƙarfe za a auna shi, bai kai dala ashirin ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tokar. Duhun nan da jan ƙarfe ke yi a hankali, ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne shedar shekarunsa, kuma masana suna biyan kuɗi a kansa. Wanda ya goge shi ya kankare shedar, ya bar ƙananan zane-zane da tabarau mai ƙara girma ke tonawa nan take. Kwabon da ya rage da kyau ma, idan aka goge, farashinsa faɗuwa yake yi warwas. Ƙura kawai ake sharewa da tsumma mai laushi, a riƙe shi ta gefe, a ajiye shi inda ba laima.

Na faɗa wa yaron gaskiya, na ga fuskarsa ta sauya. Ba shi kaɗai ba ne: jita-jitar tsohon kuɗi mai jawo miliyoyi ta daɗe tana yawo a garuruwanmu, tana sa a zazzage adudan tsofaffi a miƙa wa dillalai, ba tare da an tambayi mai abin ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa na aike shi gida da tambayoyi uku: wa ya ba ta, a wace shekara, kuma don me ta ɓoye shi?

Bayan kwana biyu ya dawo. Ta ce uwarta ce ta ba ta ranar da za a kai ta ɗakin miji, ita ma uwar daga mahaifinta ta gada, wanda ya yi dakon kaya zuwa Tawa a zamanin aikin tilas, aka sallame shi da shi. Ta kuma ce a maido mata da abinta kafin magariba.