Tarihin Ƙudsiyya Begum ta Bhopal da Zuriyarta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa ba ya ƙarewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan rana da jama'a suka taru don aza harsashin ɗakin Allah, ya kyautu a waiwayi tarihin wata baiwar Allah ta ƙasar Indiya, wadda ake kira Ƙudsiyya Begum. Mijinta yana cikin sarakunan da suka yi wa Turawan Ingila biyayya don su tsare sarautarsu, ya rasu ya bar ta tana da shekara 18. Sarautar da ya so ya tsare ta shuɗe, Turawan ma sun koma ƙasarsu, amma masallacin da matarsa ta gina har gobe ana kiran salla a cikinsa.

Asalin Gidan

Bhopal birni ne a tsakiyar Indiya, a bakin wasu manyan tafkuna. Wanda ya kafa sarautar Musulmi a wurin shi ne Dost Muhammad Khan, wani mayaƙi daga duwatsun Tirah, kan iyakar Afganistan, wanda ya zo neman abinci a rundunar sarakunan Mughal. Da Sarki Aurangzeb ya rasu a shekarar 1707, daular ta fara wargajewa, sai kowane mai takobi ya kama abin da ya iya kamawa. Dost Muhammad ya kama Bhopal, ya gina ganuwar Fatehgarh, ya rasu a 1728. Zuriyarsa suka ci gaba da sarauta da laƙabin Nawab, watau sarki. Matan gidan kuwa ana ce musu Begum.

Ƙasar ƙarama ce, ga ta kuma kewaye da sarakunan Maratha, waɗanda suka fi ta mayaƙa da dukiya. Wannan ya sa tun da wuri mutanen Bhopal suka fara duban Turawan Kamfanin Gabashin Indiya da idon masu neman majingina. A shekarar 1778, sa'ad da Janar Goddard ya ratsa tsakiyar Indiya da rundunarsa, Bhopal ta karɓe shi, ta ba shi guzuri. Turawa ba su manta da wannan ba.

A cikin wannan gida aka haifi Ƙudsiyya a shekarar 1801. Sunanta na yanka Gohar, mahaifinta kuwa Nawab Ghaus Muhammad Khan. Sarautarsa ta suna ce kawai, domin ragamar mulki tana hannun wani jarumi daga wani reshe na gidan, Wazir Muhammad Khan. A shekarar 1812 rundunonin Maratha na Gwalior da Nagpur suka yi wa birnin zobe, har cikin 1813. Yunwa ta kashe jama'a da yawa, masu tsaron ganuwa suka ragu, har ya zamana mata ne ke hawa soraye suna jifan abokan gaba da duwatsu. Ƙudsiyya tana yarinya ta ga wannan da idonta.

Alkawari da Turawa

Wazir Muhammad ya rasu a 1816, ɗansa Nazar Muhammad Khan ya gaje shi. Aka ɗaura masa aure da Ƙudsiyya, don a haɗa rassan gidan guda biyu. Nazar saurayi ne mai hankali, ya kuma san cewa in Maratha suka komo, da wuya birnin ya sake tsira. Saboda haka ya taimaki Turawa a yaƙinsu da 'yan harin Pindari, sa'an nan a farkon shekarar 1818 ya sa hannu a takardar alkawari da Kamfani. Turawa suka ɗauki nauyin kare Bhopal, suka ƙara masa ƙasa. Shi kuma ya yarda zai ba su mahaya 600 da dakaru 400, ba zai yi hulɗa da wani sarki ba sai da izininsu. Aka ajiye Baturen siyasa a garin Sehore yana sa ido, kamar yadda daga baya aka ajiye Razdan kusa da sarakunanmu.

Nazar bai daɗe yana cin moriyar wannan alkawari ba. A watan Nuwamba na 1819, yana Islamnagar tare da iyalinsa, ƙanen matarsa Faujdar, yaro ɗan shekara 8, ya ɗauki ƙaramar bindiga yana wasa, ta tashi, harsashi ya sami Nazar, ya rasu. Bai bar ɗa namiji ba, sai jaririya ɗaya mai suna Sikandar.

Ranar Sadakar Uku

Ranar sadakar uku manyan gari suka taru, kowane reshe na gidan yana ƙulla yadda sarauta za ta faɗo hannunsa. Ana cikin haka sai mai takaba ta fito gaban taro, ta yi magana da bakinta, ta shaida musu cewa 'yarta ce magajiyar ubanta, ita kuma za ta riƙe mata ƙasa. Ba a taɓa jin irin wannan a Bhopal ba. Waɗansu amintattun mijinta suka goyi bayanta, cikinsu har da Shahzad Masih, wani Kirista mai asali da Faransa, wanda iyalinsa suka daɗe suna yi wa gidan hidima. Turawa suka amince, amma da sharaɗi: in yarinyar ta girma za a aurar da ita ga ɗan'uwanta, shi ne kuma zai zama Nawab.

Ƙudsiyya ta riƙe ƙasa shekara 18. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta san zaɓen mutane, ta kuma san sauraron talakawa. Ta koyi hawan doki, ta sa aka koya wa 'yarta hawa da harbi da sha'anin mulki. Ta gina fadar Gohar Mahal a bakin tafki, amma an shaide ta da sauƙin rayuwa da yawan ibada. A cikin shekarun 1830 ta aza harsashin babban masallacin Juma'a a tsakiyar kasuwar birni, na jan dutse, mai hasumiya biyu da aka yi wa kawunansu ado da ruwan zinariya.

Sharaɗin nan na aure shi ya zame mata ƙaya. Na farkon da aka yi wa Sikandar baiko da shi, Munir Muhammad, ya yi yunƙurin ƙwace mulki, aka warware baikon, aka mai da shi kan ƙanensa Jahangir Muhammad. An ɗaura aure a 1835, amma surukar ta ƙi sakin ragama, domin ba ta amince da halinsa ba. Rikici ya kai ga yaƙi a garin Ashta a 1837. Nan Turawa suka shiga tsakani, suka ce alkawari ya cika, a naɗa Jahangir. Waɗanda mijinta ya dogara da su, su ne suka sauke ta. Aka yanka mata ƙasa mai yawa ta ci har ƙarshen ranta, ta koma gefe.

Abin da ta guda bai daɗe ba ya faru. Jahangir ya sari matarsa da takobi tana da ciki, ta gudu Islamnagar wurin uwarta, inda ta haifi 'ya mace a 1838, aka raɗa mata suna Shah Jahan. Jahangir ya rasu a 1844. Bayan ɗan riƙon da kawunta Faujdar ya yi, Sikandar ta karɓi ragama a 1847.

Tawayen 1857

A shekarar 1857 sojojin Indiya suka yi wa Turawa tawaye, wuta ta kama daga Delhi har tsakiyar ƙasa. Jama'ar Bhopal da yawa zuciyarsu tana tare da masu tawaye, sojojin Sehore ma suka tayar. Sikandar ta tsaya a kan alkawarin ubanta, ta ba Turawa mafaka da taimako. Gaskiya ɗaya ce, wannan biyayya ba ta zo kyauta ba. A farkon 1858 Janar Hugh Rose ya iso Sehore, ya kashe sojoji da yawa daga cikin waɗanda suka tayar, alhali kuwa 'ya'yan ƙasar ne. Gidajen sarauta da suka bi masu tawaye an rushe su, na Bhopal ya tsira, aka ƙara masa ƙasar Berasia, aka amince da Sikandar a matsayin mai sarauta da kanta. Har yanzu masana tarihi suna jayayya a kan ko hikima ce ko kuwa sayar da 'yan'uwa. Hukuncin zukata yana wurin Allah.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne inda uwa da 'ya suka karkatar da alfarmar da suka samu. Bayan tawaye Turawa sun ƙwace babban masallacin Delhi, suka hana salla a ciki. Sikandar tana cikin waɗanda suka yi magana har aka mayar wa Musulmi da shi a 1862. A Bhopal kuma ta gina nata masallacin, wanda ake kira Moti Masjid, watau Masallacin Lu'ulu'u.

Aikin Hajji da Sadaka

A ƙarshen 1863 Sikandar ta tashi zuwa aikin Hajji tare da mahaifiyarta. Suka shiga jirgin ruwa daga Bombay, suka sauka Jidda a farkon 1864. Kafin ita babu wani mai riƙe da sarauta a Indiya da ya bar gadonsa ya tafi Makka. A can Ƙudsiyya ta yi ta rabon dukiya har mabarata suka hana ta sakat. Gidan Bhopal ya kuma tanadi masaukai na waƙafi don alhazan ƙasarsu.

Da ta komo, tsohuwa ta ci gaba da kashe abin da ƙasarta ke kawo mata a kan jama'a. Ta biya kuɗi aka ja ruwan famfo daga tafki zuwa cikin birni, talaka ya sha ba da ko anini ba. Ta kuma ba da nata kason wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Itarsi zuwa Bhopal, ko da yake ba ta ga buɗe ta ba.

Ƙarshen rayuwarta bai rasa ɗaci ba. Ta binne 'yarta tilo a 1868. Jikarta Shah Jahan ta hau gado, a 1871 kuma ta auri malamin hadisi Siddiƙ Hasan Khan, auren da kakar ba ta yi na'am da shi ba, har zumunci ya yi sanyi tsakaninsu. Ƙudsiyya ta rasu a 1881 tana da shekara 80, bayan ta yi shekara 62 ba miji. Allah Ya jiƙanta.

Abin da Zuriya ta Gada

Shah Jahan ta gaji kakarta wajen son gini. Da kuɗinta aka gina masallacin garin Woking a 1889, wanda shi ne na farko da aka gina musamman don salla a Ingila, yana kuma ɗauke da sunanta. A gida ta fara wani gagarumin masallaci, ta sa masa suna Tajul Masajid, watau Kambin Masallatai. Amma kuɗi suka ƙare, ta rasu a 1901 ba a gama ba. 'Yarta Sultan Jahan ta mai da hankali ga ilimi, ta zama uwar Jami'ar Musulmi ta Aligarh ta farko a 1920, ta sauka ta bar wa ɗanta Hamidullah a 1926. Turawa suka bar Indiya a 1947, a 1949 kuma sarautar Bhopal ta narke cikin sabuwar ƙasa.

Tajul Masajid kuwa ya zauna shekara 70 ba a kammala ba. Sai a 1971 malamai, ƙarƙashin jagorancin Maulana Muhammad Imran Khan, suka tashi suka nemi gudummawar jama'a, aka koma aiki, aka gama a 1985. Abin da baitulmalin sarauta ya kasa, taron Musulmi ya iya. Yau yana cikin masallatai mafi girma a Indiya.

'Yan'uwa, alkawarin 1818 ya sai wa gidan Bhopal shekara 131 na sarauta, sa'an nan ya zama takarda a ɗakin ajiya. Abin da ya rage wa matar Nazar shi ne abin da ta fitar daga hannunta. Labarin jikarta kuma ya nuna cewa aza harsashi rana ɗaya ce, rufin ɗaki kuwa sai an daure, har kowa ya cika abin da ya ɗauka.

Allah Ya karɓi abin da aka bayar, Ya sa albarka a abin da ya rage, Ya ba mu ikon kammala abin da muka fara, Ya nuna mana ranar buɗewa lafiya. Amin.