Yadda aka fara auna iskar da ke ɗumama duniya daga sararin samaniya

Shawarar da gwamnatin Trump ta kawo a 2025, ta a datse kuɗin tauraron ɗan'adam na OCO-2, ta tayar da ƙura a tsakanin masana yanayi. A ganina, duk wanda ya san wahalar da aka sha kafin a samu wannan tauraro ba zai goyi bayanta ba.

Daga ƙasa aka faro. A 1958 Charles Keeling ya soma auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na Hawai, aka kuma daɗe ana dogaro da tashoshi irin nasa. Ƙalilan ne, rabon Afirka a cikinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Sai a 2002 Turai ta harba Envisat ɗauke da na'urar SCIAMACHY, mai duba hasken rana da ya dawo daga doron ƙasa ta gano abin da kabon da metan suka tsotse a hanya.

Shekarar 2009 ce ta fi ɗaukar hankalina. Ranar 23 ga Janairu Japan ta harba Ibuki, tauraro na farko da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Ranar 24 ga Fabrairu hukumar NASA ta harba nata, OCO, sai murfin rokar ya ƙi rabuwa, nauyi ya rinjaye ta, ta faɗa teku kusa da Antatika. Aikin shekaru ya bi ruwa cikin mintoci. Masanan ba su karaya ba, suka sake ƙera wani, wato OCO-2, ya tashi a Yulin 2014. Shi ne aka so kashewa a 2025, alhali lafiyarsa ƙalau.

Wasu na cewa ci gaban fasaha ne kawai ya kawo mu nan. Fasaha ta taimaka, amma rashin yarda ne ya buɗe bakin aljihu. A tsarin yarjejeniyar Kyoto ta 1997 da ta Paris ta 2015, kowace ƙasa ita ke faɗin yawan hayaƙin da take fitarwa, wato mai laifi ne shaidar kansa. Dole a nemi ido na uku. A 2019 tauraron kamfanin GHGSat na Kanada ya hango metan na tsiyaya daga wata ma'aikatar gas a Turkmenistan. Ko a Najeriya, da bayanan tauraro hukumar NOSDRA ke bin diddigin gas ɗin da kamfanonin mai ke ƙonawa a Neja Delta.