Katifar Rimi a Ƙasar Gaya

A Ingila ta da, mai hali in zai bar wasiyya yakan ambaci katifarsa ta gashin dinya kamar yadda zai ambaci gona, don dukiya ce da ake gado. A Gaya da Ajingi kuwa, duk da kaji da zabi da ke kiwo a kowane tsakar gida, gashin da aka fige juji ake kai shi. Bahaushe ya san darajar gashin tsuntsu sarai, tun da figini da takalmin gashin jimina suna cikin kayan sarautar Kano tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sai dai gashi riƙe zafin jiki yake yi, kuma wanda ya san daren bazara a gabashin Kano ba zai so abin da zai ƙara masa gumi ba. Abin da ya tsaya wa matan ƙasar nan a matsayin waccan katifa shi ne audugar rimi, kuma a ganina an yi gaggawar raina ta.

Da rani 'ya'yan rimi ke bushewa su fashe, audugar ta fito fara sol. Santsi ne da ita, ba ta kaɗuwa a mazari kamar audugar gona, saboda haka aikinta cusawa. Tsohon aiki ne: littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi, rigar dokin yaƙi da ake cusa wa auduga a ɗinke don ta tare kibiya. Hikimar da ta kare doki ita ta shiga ɗaki. Kafin katifa ta yawaita, talaka kan gadon kara da tabarma yake kwana, mai jego kuma kan gadon ƙasa da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Da katifar rimi ta zo sai ta zama ta mace, iyayenta ke yi mata ita cikin kayan ɗaki, in aure ya mutu ta naɗe abarta ta tafi da ita. Ita ake sauke wa baƙon kirki, ita ake shimfiɗa wa mara lafiya, in ta tsufa a farke ta a yi matasan kai, ragowar kuma a da har wuta ake kamawa da ita da ƙyastu.

Za a ce tana dunƙulewa, tana tara ƙura da kuɗin cizo, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ta. Duk gaskiya ne, na wutar ma ba shi da magani sai kula. Amma sauran aibobin an san yadda ake yi da su: a shanya ta a rana, a buge ta da sanda, in ta kwanta a kira mai ɗinkin katifa ya farke, ya barbaza audugar, ya ƙara sabuwa, ya sake mata riga. Kuɗin gyaran nan a cikin gari yake zagayawa, tsakanin mai rimi da mai tsinta da mai allura. Katifar soso in ta lotsa ta gama yawo, sai dai a sayi wata.

Abin da ya kayar da rimi, a fahimtata, gasar kayan ɗaki ce. A 1959 iyalan Moukarim suka buɗe masana'antar gadajen ƙarfe a Kano, kamfanin katifar soso na Vitafoam kuma ya kafu a 1962. Gadon ƙarfe mai rumfa da katifa mai kusurwa huɗu daidai sun fi ɗaukar idon 'yan ganin ɗaki, uwar amarya kuwa ba ta son a fita ana cewa ta yi wa 'yarta kayan ƙauye. Da masu saye suka ragu sai bishiyar ta koma katako a idon mai gona, ga shi kuma rimi yana shan shekaru kafin ya ba da auduga, wanda ya sare bai cika dasa wani ba.