Gajartar kara a hatsin rai: ƙwayar gadon Ddw1 da amfaninta wajen inganta iri

Hatsin rai, wanda ake kira seigle da Faransanci, ɗan'uwan alkama da sha'ir ne da aka fi nomawa a Jamus, Foland, Rasha da Belarus. Yana jure sanyi da ƙasa mai rairayi, amma doguwar kara gare shi, har wani iri kan wuce mita ɗaya da rabi. Idan aka zuba taki sosai, ruwa da iska suka zo, sai ya kwanta, tsaba ta lalace, girbi ya yi wuya.

A alkama an magance wannan da ƙwayoyin gado na Rht daga irin Norin 10 na Japan, waɗanda Norman Borlaug ya yi aiki da su a Meziko har ya samu kyautar Nobel a 1970. Hatsin rai kuwa nasa hanyar daban ce.

Mafi shahara a cikinsa ita ce Ddw1, wadda masanin Rasha Kobilyanski na Cibiyar Vavilov ta Leningrad ya gano a wata shuka da ake kira EM-1. Tana kan kuromosom 5R, ɗaya daga cikin bakwai na wannan hatsi, kuma tana iya rage tsawon kara da kusan kashi 40 cikin 100. Shukar da ke ɗauke da ita tana amsa sinadarin girma na jibarelin idan an fesa mata, saɓanin gajeriyar alkamar Norin 10.

Ddw1 mai rinjaye ce: ko daga uwa kaɗai ko daga uba kaɗai shuka ta gaje ta, za ta fito gajera. A nan wahalar take. Hatsin rai ba ya barbarar kansa, iska ce ke kai garin fure daga wata shuka zuwa wata, kamar gero. Don haka gajeriyar shuka na iya ɓoye gadon tsawo, ido bai gani, sai a shuka ta gaba dogaye su ɓullo a gona. Shekaru da dama wannan ya hana samun iri mai tsawo bai ɗaya. Gwajin DNA yanzu yana bambance shukar da ta gaji Ddw1 ta ɓangarori biyu, kuma idan aka yi irin aure da ita, duk 'ya'yan farko gajeru ne.

An kuma shigar da Ddw1 cikin tiritikale, auren alkama da hatsin rai, inda ta rage kwanciya. Sai dai gajarta na da tsada. Kara a hatsin rai na taimakawa ƙwarai wajen cika tsaba, kuma a tiritikale an ga gajeren iri ya fi kamuwa da cutar Fusariyum ta zangarniya. Shi ya sa masu inganta iri ke haɗa zaɓen Ddw1 da zaɓen juriyar cuta tun daga zubin farko.